Na Kai Gem Damagaram a Cikin Bargo

Da za a ce in zaɓi yini ɗaya a goge shi daga rayuwata, ba zan yi dogon tunani ba. Yinin da na kwance bayan gem ɗin Nasiru direba zan zaɓa, a haɗa da maganar da ta fito daga bakina kwana uku bayansa. Tun da na dawo daga Damagaram abokan zama suke tambayata yadda garin yake, me na ci, ina na kwana, kuma me ya kai tsoho kamata can a tsakiyar bazara. Na gaji da bayarwa gutsi-gutsi, kowa yana ɗaukar inda ya ba shi dariya. Ga shi nan gaba ɗaya, har da inda ba dariya.

Sunana Sabo, an fi sanina da Malam Sabo mai rediyo. A Roni aka haife ni, amma a Babura na tsufa, cikin wata rumfa a bakin kasuwa inda na shekara talatin da ɗoriya ina gyaran rediyo da tocila, da kaset lokacin da ake yayinsa. Karatuna bai wuce firamare ba. A duk shekarun nan ban taɓa ce wa mai kaya ban iya ba. Da ina ɗaukar wannan abin alfahari ne.

Issufu mutumin Damagaram ne, mai fataucin caja da batir da fitilun sola. Duk ranar kasuwa yakan baza kayansa a gefen rumfata, abin da ya yi kwantai ya bar mini ajiya. Shekara goma sha huɗu muna haka. Shi ya koya mini shan shayi mai ɗaci, ni na koya masa cin gurasa.

Shi kuwa Nasiru ɗan Kanya Babba ne, tankar mai yake ja, kuma wani lokaci sai ya kwana huɗu a layi yana jiran lodi. Shi ya sa Issufu ya nemo masa gem, wato na'urar wasa ta hannu. Ba irin ƙananan nan na yara ba ne. Tsawonta ya kai rabin kamu, gilashi a tsakiya, maɓallai hagu da dama, ga nauyi kamar rabin bulo. Ƙwallo yake bugawa a ciki da tseren mota. Mutumin da sana'arsa tuƙi, in ya samu hutu sai ya zauna yana tuƙin ƙarya. 

Bayan sati biyu ya kawo mini ita. Ya ce, "Baba Sabo, saurari yadda take huci. Lafiya kuwa?"

Na kara a kunne, na ji tana huci. Na ce ya bar ta zuwa la'asar.

Da na buɗe, na tarar da 'yar fanka, da wani bututun tagulla kwance a kan wani ɗan faifai mai sheƙi. Tsakaninsu akwai wani abu fari-fari mai danƙo. A aikin rediyo, duk abin da ka gani fari mai danƙo, ko batir ne ya yi amai ko tsaka ce ta yi kashi. Na sa reza na kankare shi tas, na bi da buroshi da fetur har wurin ya yi ƙyalli. Sai na ga ramuka a gefe da sama inda ƙurar kasuwa za ta shiga, na liƙe su da salatif. Hucin ya ragu. Nasiru ya karɓa yana sa mini albarka.

Ranar kasuwa ya dawo, ko sallama bai ƙarasa ba. Rumfa cike da mutane, Issufu yana zaune a gefe. Ya kunna ta a gabanmu. 'Yan ƙwallon suka fara gudu lafiya, can sai suka koma tafiya irin ta dattawa masu dawowa daga ta'aziyya, can sai gilashin ya yi baƙi. Ta yi zafin da ba a iya riƙewa.

"Baba Sabo, kai ka buɗe ta. Tsakaninka da Allah, me ka gani a ciki?"

Na ce, "Jabu ce. Cikinta duk datti, tsohuwa aka yi wa kwalliya."

Issufu ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Malam Sabo, ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ban tabbata ba. Tun ina maganar wani abu a ƙirjina yake ce mini kafin ta zo hannuna huci kawai take yi, ba ta suma.

Nasiru ya dangwarar da ita a kan tebur ɗina ya ce ba ya so. Kafin magariba kasuwa ta raɗa wa abokina suna, Issufu mai jabu. Ya ƙara cin kasuwa uku ko huɗu, mutane suna ɗaga cajarsa suna dariya suna ajiyewa. Daga nan ya kwashe ajiyarsa, ya yi mini sallama da ladabi, bai sake zuwa ba. Da aka rufe iyaka na ce wa kaina ai ita ta hana shi. Aka buɗe, kowa ya dawo, ban da shi.

Gem ta zauna a akwatina. Na ɓamɓare salatif ɗin a ɓoye, zafin ya ɗan ragu amma bai tafi ba. Mai ɗakina Hajara ce ta gaji. Ta ce, "Malam, abin nan da kake cirowa kana kallo kana tsaki, ko ka kai shi inda za a warkar da shi, ko ka bari in ɗora tukunya a kai, tunda ka ce zafi gare shi." A satin kuma wani mai hatsi daga Magarya ya gaya mini idon Issufu ya fara rauni.

Gaskiya ita ce, ba neman gafara na fita ba. Niyyata in kai ta Damagaram wurin wani mai gyara da bai san ni ba, ya gaya mini ciwonta. In ba ni ba ne, in juyo gida da sanyin rai ba tare da Issufu ya san na taka garin ba.

Na cika ta da caji, na naɗe ta a bargo don kada ta bugu, na shiga mota zuwa Babban Mutum. Nan na canza naira zuwa sefa. Su da dala suke ƙirga, adadin da ke rubuce a jikin takarda daban, wanda ake faɗa da baki daban. Mai canjin ya yi mini bayani sau biyu, na ce na gane, na zuba a aljihu. Kun ga halin bai sake ni ba.

A tsallaken iyaka wani jandarma ya duba katina, sannan ya nuna ƙunshin. Ya ce, "Baba, bargo a wannan zafi?"

Na kwance. Fuskarsa ta sake nan take. "Kai ke wasa da wannan?"

"Asibiti zan kai ta."

Ya nemi izini ya kunna. Abokan aikinsa biyu suka leƙo ta kafaɗarsa, fasinjojin motarmu suka tsaya a rana suna harara ta. Bai jima ba ya fara sauya ta daga hannu zuwa hannu kamar wanda aka miƙa wa dankali daga wuta. Ya ce ƙanensa yana da irinta, ƙwallo a cikinta sumul take tafiya, wannan kuwa tsalle-tsalle take. Ya juya bayanta, ya ga kusoshin sun ci sukundireba.

"Wa ya buɗe ta?"

"Wani mai gyara ne a garinmu."

"Baba, ka daina kai masa kaya."

Na ce in Allah ya yarda na daina.

Motar da muka shiga daga nan ta mutum tara ce, mu goma sha uku muka shiga, ban da rago. Kusa da ni wani Babarbare ne mai sayar da turare, Ba'a Modu, wanda ya shafa mini samfuri uku a hannun riga kafin mu gama gaisawa. Direban kuwa tafiyar hawainiya yake yi, duk inuwar da ya gani sai ya tsaya ya ɗaga bonet. Wata mata a baya ta ce, "Direba, mota muka biya ko jaki?" Ya ce, "Inna, in na matsa mata a ranar nan, ke za ki tura." Na lura in ta huce takan yi gudu na ɗan lokaci, in ta ɗau zafi sai ya sassauta. Ban san darasi ake ba ni ba.

Tafiyar da ba ta kai ta kawo ba ta cinye mana yini. Muka iso Magarya motar Damagaram ta ƙarshe ta tashi. Ba'a Modu ya ce ba zan kwana a tasha yana da ɗan'uwa a garin ba. Aka shimfiɗa mana a zaure, aka kawo zogale da ƙuli da garin rogo, su kwabto suke ce masa. Mu a wurinmu abin taɓawa ne kafin tuwo, sai na ci kaɗan na zauna ina jira. Da na ga an ɗauke kwano an kawo ruwan wanke hannu, na gane tuwon ke nan na yi wa yanga.

Da safe aka kawo burodinsu, dogo kamar sanda, bayansa da tauri. Ina da wani haƙori da ya shekara biyu yana shawarar ko ya zauna ko ya tafi. A cizo na biyu ya yanke hukunci. Mai gidan ya yi ta ba ni haƙuri, na ce ba laifin burodi ba ne, dama yana kan hanya. Na ƙulle shi a gefen bargo tare da gem.

Damagaram gari ne mai natsuwa. Ɗan acaɓa su kabu-kabu suke ce masa, kuma wanda na hau bai yi ƙoƙarin kashe ni ba, abin da ya ba ni mamaki. Abu ɗaya ne ban shirya masa ba: rana na take tsaka sai rabin masu shaguna su rufe su tafi gida su kwanta. Mu a Babura in ka rufe rumfa da azahar sai a zo yi maka jaje. Na zauna a gindin wani bango har la'asar, sannan na shiga layin masu gyaran waya.

Na farko ya juya ta ya ce shi waya yake taɓawa, wannan sai Ramatu. Na biyu bai ma karɓa ba, ya ce Ramatu. Na uku, wanda na zaɓa don shagonsa yana can lungu, ya ce, "Gem? Ai duk garin nan sai ɗiyar Issufu mai caja. Ka san shi?"

Na ce na taɓa jin sunan.

Na daɗe a tsaye a bakin titi. Tasha tana hannun dama, unguwar su Issufu tana hagu. Abin da ya hana ni bin dama shi ne tunanin fuskar Hajara in na koma da bargon yadda na fita da shi, ga kuma giɓi.

Shagon a zauren gidansu yake. Ramatu na san ta tana ƙarama, uban ya taɓa zuwa da ita Babura sau biyu, har na ba ta mataccen rediyo ta yi wasa. Yanzu matar aure ce, ta yi makarantar koyon sana'a, tana zaune gaban tebur mai fitila da gilashin ƙara girma. Tana ganina ta miƙe ta rusuna.

"Baba Sabo na Babura! Yau ga babban baƙo. Babana ya je a ɗiga masa maganin ido, yanzu zai dawo."

Na ce aiki na kawo. Ta kwance kusoshin da wani siririn sukundireba, ta ɗaga bututun tagullar. Ta jawo fitila ta ƙara dubawa.

"Baba, nan wurin akwai man da ake shafawa. Wannan faifan shi ne ƙwaƙwalwarta, shi ke yin zafi. Man shi ke miƙa zafin ga tagulla, tagulla ta kai wa fanka, fanka ta fitar ta ramukan nan. Wani ya kankare shi. Da reza ma, ga sawunta." Ta shafa gefe da yatsa. "Nan kuma an taɓa liƙa salatif."

Na ce, "Ikon Allah."

Ta ce na'urar ba ta da wauta. In ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, shi ya sa hoton da ya kamata ya sauya sau sittin a daƙiƙa sai ya koma tafiyar kura. In ya ƙi sauka sai ta kashe kanta. Na tuna direbanmu na jiya da inuwoyinsa. Na tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, ko dai jabu ce.

"Jabu? Da jabu ce da tuni ta zama gawayi. Wannan ta gaske ce, ita ta ceci kanta."

Tana aiki tana hira, kamar ba ta san abin da ta yi mini ba. Ta ce duk shekara masu ƙera su sai sun fito da sabuwa mai ƙarfi, ƙarfin kuma da zafi yake zuwa da cin batir, har in ka sake mata linzami ba ta kai ka daga azahar zuwa la'asar. Masu wayo rage mata wuta suke yi, hoto ya ɗan rage kyau, caji ya daɗe. Ta ce irin wannan babba ba kowa ke iya saye ba, ƙananan masu arha cike da tsofaffin wasanni su suka fi tafiya, saura kuma waya ta ɗauke musu hankali. Abin da ya fi damunta shi ne na'urorin yanzu wasu da gam ake liƙe su, kamar ba a so mai gyara ya shiga. A raina na ce da tawa an liƙe ta da gam da yanzu ina gida da haƙorina.

Sai ga sallamar Issufu. Ya rame, ya sa baƙin tabarau. Ya ji muryata kafin ya gan ni sosai. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi Hajara, da yara, da rumfa, da mai gurasar da ke bayanmu, ɗaya bayan ɗaya. Bai tambayi abin da ya kawo ni ba. Ya sa aka kawo gawayi ya ɗora shayi. Su can sau uku ake zubawa, kuma baƙo ba ya tashi sai an kai na uku. Na farko na sha da ɗacinsa. A na biyu na ajiye kofi.

"Issufu, ni na kankare man. Ni na toshe ramukan. Ban san aikinsu ba, na ƙi cewa ban sani ba, na ɗora maka."

Ramatu ta sunkuyar da kai kan aikinta. Issufu ya ci gaba da ɗaga buta yana tsiyayawa har kumfa ta taso.

"Na sani," in ji shi. "Tun ran nan na ji warin fetur a jikinta."

"To me ya hana ka faɗa?"

"A rumfarka nake zaune, a gaban mutanenka, kuma ka girme ni. In na ƙaryata ka, wa zai ƙara kawo maka rediyo? Na tambaye ka ko ka tabbata, na zaci za ka kama igiyar."

Na ce ya yafe mini don Allah.

Ya ce, "Tsakanina da kai, tun a motar komawa na yafe. Amma Malam Sabo, sunana ba a zauren nan ya faɗi ba. Nan ba wanda ya taɓa ce mini mai jabu. Inda ka yar da shi, can za ka je ka ɗauko."

Ya miƙo mini kofi na uku.

Ramatu ta ɗiga sabon mai, bai fi ƙwayar wake ba, ta mayar da tagulla ta ɗaure. Abin da ya raba ni da abokina shekaru ke nan, ƙwayar wake. Ta kunna, ta sa tseren mota, ta danƙa mini. Na shiga bango sau huɗu, na juya na bi hanya a baibai, Issufu yana tambaya ko na iso Magarya. Fanka ta fara huci, na ɗago a firgice.

"Bar ta, Baba," in ji Ramatu. "Numfashinta ne."

Kwana biyu na yi a gidan. Ba a ƙara tayar da maganar ba, kuma an jiƙa mini burodi a shayi.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan dawowata na aika aka kira Nasiru. Na jira rumfa ta cika, na hau kan benci, abin da gwiwata ba ta gode mini ba. Na ce jama'a su saurara. Na ce kayan Issufu na gaske ne, ni na lalata da jahilcina, na yi masa ƙarya don in tsira da sunana. Na faɗa sau biyu, saboda masu awon gero ba su ji na farko ba.

 Sai wani daga baya ya ce, "To Malam, fankar da ka ce mini ta mutu da kanta fa?" Na ce ya zo bayan la'asar mu yi magana. Nasiru ya karɓi gem ɗinsa ya zauna a kan buhu, ya buga ƙwallo har aka kira azahar ba ta suma ba. Da zai tafi ya ce, "Baba, ni ma na zage shi a gaban mutane. Ka ba ni lambar ɗiyar tasa." Tun daga ranar wasu sun daina kawo mini gyara, wasu sun ci gaba. Masu kawowar, in na buɗe na ga abin da ban sani ba, ina mayar da murfi in ce ban sani ba. Bai kai cire haƙori ciwo ba.

Kasuwa biyu ta ci Issufu bai zo ba, ina share gefen rumfa ina zama. A ta uku wani direban Magarya ya sauke kwali a gabana, an ɗaure da igiya, an rubuta sunan Issufu a jiki. Ya ce mai shi ya ce a ajiye masa a inda aka saba, yana nan tafe in ido ya yi sauƙi, kuma a gaya wa mai gurasa.

Kwalin yana nan a ƙarƙashin tebur ɗina, ban buɗe ba. Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, musamman masu sana'ar hannu irina: in aka kawo muku abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba tun kusoshi suna ɗaure. In kuma kun riga kun ɓata, kada ku nemi wanda ya fi ku kunya ku ɗora masa. Ni na yi, sai da na tsallaka iyaka na hau benci kafin in ɗauko abin da na yar da baki ɗaya. Don Allah kada ku yi irin tawa.